Daga Hasashen Damana Zuwa Shawara: Jagora Ga Masu Tsara Ƙasa, Ruwa da Kiwo a Jihar Tahoua

Kowace shekara, wajen ƙarshen Afrilu, masana yanayi na ƙasashen Sahel kan zauna su fitar da hasashen damana. Taron ana ce masa PRESASS, kuma cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel mai yaƙi da fari, ta kafa a 1974, ita ke jan ragamarsa tare da ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka, ita ma mazauninta Yamai. Daga nan ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa, wadda kowa ke kira meteyo, ta tace abin da ya shafi Nijar jiha-jiha. Takardar takan iso Tahoua, a karanta ta a rediyo, a yi taron yini guda, sai ta shige durowa. Irin da aka riga aka saya shi za a raba, kasafin da aka riga aka rubuta shi za a bi, ko hasashen ya ce ruwa zai yi yawa ko ya ce zai yi ƙaranci.

Ba ilimin ne ya gaza ba. Abin da ya gaza shi ne babu wanda ya zauna tun cikin rani ya rubuta cewa in an ce kaza, mu za mu yi kaza, wane ne zai yi, da wane kuɗi. Wannan jagora a kan haka take. Na rubuta ta ne domin kwamitin ƙaramar hukuma, malaman gona da na kiwo da na gandun daji, shugabannin ƙungiyoyin manoma da makiyaya, da sarakunan da rigimar gona da burtali ke ƙarewa a zaurensu.

Mataki na farko: ku fara da shawarar, ku bar takardar tukuna

Cikin Fabrairu ko Maris ku zauna. Kada a zo da taswira ko ɗaya. A ɗauko allo a rubuta shawarwarin da dole sai an yanke su a shekara, kowace da ranar da in ta wuce an makara. Wane iri za a tanada, kuma nawa? Wannan ƙarshen Afrilu ne iyakarsa. Wace ƙorama za a yashe, wace gada za a gyara? Kafin Yuni. Yaushe rumbun tsimi zai fara sayar da hatsi? Yaushe za a sayi dusa da angurya? Yaushe za a saki gonaki bisashe su shiga? Eka nawa na albasa ruwan fadama zai iya ɗauka bana?

Duk bayanin yanayin da ba ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan, ku ajiye shi gefe, komai kyan launin taswirarsa. Za ku ga shawarwarin sun rabu uku da kansu: na kwana goma, na damana guda, da na shekara ashirin ko talatin. Kowane kashi da irin bayaninsa. Wanda ya gina madatsa bisa hasashen damanar bana ya yi kuskure daidai da wanda ya tsaida ranar shuka bisa hasashen shekarar 2050.

Mataki na biyu: ku san damanar garinku da lambobi

Nan ne aikin ya fi cin lokaci, amma sau ɗaya ake yin sa da ƙarfi, sauran shekaru ƙari ne kawai.

Ku nemi bayanan ruwan sama na kullum na tashar da ta fi kusa da ku, shekara talatin. Ƙa'idar da duniya ke auna "ruwan da aka saba" da ita yanzu ita ce 1991 zuwa 2020. Meteyo na da su, kuma malaman gona na gunduma sukan riƙe rajistar ma'aunansu. Kada ku ari na maƙwabta in kuna da naku. Jihar nan doguwa ce: Birnin Konni kan samu wajen milimita 500 a shekara, birnin Tahoua tsakanin 300 da 400, in ka haura Tchintabaraden da Tassara kuwa abin ya ragu ainun. Ko a kusa ma ruwan Sahel ba ya raba daidai. Jerin ma'aunan da masu bincike suka dasa a kewayen Yamai tun 1990 ya nuna garuruwa biyu masu tazarar kilomita goma kan iya bambanta da fiye da milimita 100 a damana guda. Manomi ya san wannan tun kafin masu bincike, shi ya sa yake da gona a gabas da wata a yamma.

Da kun samu lambobin, ku jera jimillar shekaru talatin ɗin daga ƙarama zuwa babba. Goman farko su ne shekarun ƙaranci, goman tsakiya matsakaita, goman ƙarshe na yalwa. Ku rubuta iyakokin biyu a bango. A ce, misali, a garinku ƙasa da 310 ƙaranci ne, sama da 390 yalwa ne. Waɗannan lambobi biyu su ne mabuɗin karanta hasashe, za mu dawo kansu.

Sai dai jimilla ba ita ce ke cika rumbu ba. Hatsi ya fi damuwa da yaushe ruwan ya fara, yaushe ya ɗauke, da tsawon tsaikon da ya yi a tsakiya. Don haka ku fitar da abu uku a kowace shekara.

Ranar faɗuwar damana ta gaskiya. Wani masani mai suna Sivakumar, da ya yi aiki a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai, ya ba da ma'auni a 1988 wanda har yau ake aiki da shi ko da ƴan gyare-gyare: daga 1 ga Mayu, a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma cikin kwana talatin da suka biyo baya kada a yi tsaikon da ya wuce kwana bakwai. Duk ruwan da bai cika sharaɗi na biyu ba, ruwan yaudara ne, irin wanda ke sa mutum ya zuba irinsa ya ƙone.

Ranar ɗaukewa: daga 1 ga Satumba, ruwan ƙarshe da aka yi kwana ashirin bayansa babu wani.

Tsawon damana, wato tazarar da ke tsakanin biyun. Za ku lura da abin da Sivakumar ɗin ya lura da shi: ranar faɗuwa na yawo ƙwarai, ranar ɗaukewa ba ta cika motsi ba. Ma'ana, damanar da ta makara wajen faɗuwa galibi gajeriya ce, ba za ta rama a ƙarshe ba. Wannan magana guda ta fi taro goma amfani ga mai zaɓen iri.

Kafin ku rufe wannan mataki, ku kira tsofaffi ku karanta musu shekarun. Za su gaya muku abin da lamba ba ta faɗa: 1973 da 1984 fari ne tsantsa, 2004 fari ne ya haɗu da fara, 2009 ciyawa ce ta fi gazawa har bisashe suka zube a 2010. Shekarar da lamba ta ce matsakaiciya amma tsofaffi suka ce an sha wuya, ku bi ta kwana-kwana. Kusan kullum za ku tarar da tsaiko ne ya faɗo daidai lokacin da hatsi ke fure.

Mataki na uku: karatun hasashe

Hasashen damana ba ya cewa za a yi milimita kaza. Lambobi uku yake bayarwa, misali 45, 35, 20. Na farko damar yalwa ce, na biyu matsakaici, na uku ƙaranci, bisa rabon nan uku da kuka yi a bango. Da ba a san komai ba, kowane kashi zai samu 33. To 45-35-20 na cewa ma'auni ya karkata ga yalwa, amma cikin shekaru biyar masu irin wannan alama, guda za ta zo da ƙaranci. In an sanar a rediyo cewa "bana ruwa zai yi yawa" aka yi shiru a kan ashirin ɗin nan, ranar da ta faɗo kan mutane za su ce meteyo maƙaryata ne, kuma baɗi ba mai sauraro. Na fi son a faɗa wa jama'a da tsakuwa goma a faifai: huɗu da ɗoriya nan, uku da ɗoriya nan, biyu nan. Wanda bai taɓa shiga lakwal ba ma yakan gane.

Daga ina suke samo karkatar? Mafi yawa daga zafin ruwan teku. In tekun Fasifik ya yi ɗumin da ake kira El Nino, damanar Sahel takan raunana. In Atlantika ta arewa ta fi mashigin Gini ɗumi, ko Bahar Rum ta yi zafi, iskar damana takan hauro arewa da ƙarfi. Teku ba ta saurin canza zafi, shi ya sa ake iya hango watanni gaba. Shi ya sa kuma hasashen ya fi ƙarfi a kan jimillar babban yanki, ya fi rauni a kan ranar faɗuwa da tsaiko a ƙauye guda. Ku ba kowane sashe nauyin da ya dace da shi, kuma ku jira sabuntawar da ake yi bayan damana ta kama.

Za a samu mai cewa ruwa na Allah ne, wannan duba ne. Ruwa na Allah ne, babu musu. Amma wanda ya ga hadari ya haɗu a gabas ya kwashe shanya bai yi duba ba, kuma an umarce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Ku gayyaci limamai zaman tun farko, kada su ji labari a bakin kasuwa. Haka alamun gargajiya, zuwan shamuwa, juyawar iska, lissafin watan bakwai na manoma: ku rubuta abin da masu su suka ce, da kwanan wata, kusa da na meteyo. Bayan shekara biyar za ku san wanne ke kamawa a garinku, maimakon gardama.

Mataki na huɗu: ɗaura sharaɗi

Duk abin da ya gabata share fage ne. Wannan shi ne aikin. A kan kowace shawara ta mataki na farko, ku rubuta layi guda mai gaɓa huɗu: alama, aiki, mai aiki, kuɗi. Kuma a sa hannu kafin ruwan farko, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga yadda za ta iya kasancewa a wata ƙaramar hukuma ta Adar. Ranakun misali ne, naku za su fito daga lambobinku.

In har 5 ga Yuli damana ba ta faɗi ba, a daina raba iri mai dogon zango. A fito da mai saurin nuna: hatsi irin HKP na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, ko Chakti da aka fitar a Nijar a 2018 wanda ke nuna cikin wata biyu da ƴan kwanaki, da dawa irin Mota Maradi a fadama. In an kai 20 ga Yuli, a karkata ga wake, wanda ko bai yi ƴaƴa sosai ba harawarsa kuɗi ce. Wannan sharaɗi ba ya aiki sai in an riƙe wani kaso na irin a sito tun Afrilu. Wanda ya raba duka a ruwan farko ba shi da abin sake shuka.

In hasashe ya karkata ga yalwa, a yashe magudanai, a duba madatsu da gadoji kafin Yuni, a sanar da masu gida a bakin ƙorama, a tanadi buhunan yashi, kuma a gaya wa masu fadamar da ruwa ke kwanciya su zuba dawa maimakon hatsi. A shekarar yalwa ne kuma takin zamani ke biyan kuɗinsa, musamman in an sa shi ɗan tsunkule a gindin shuka.

In an yi tsaikon kwana goma sha biyar cikin Agusta a fiye da rabin ƙauyukan da ke da ma'auni, kada a jira girbi. Rumbun tsimi ya dakatar da sayar wa ƴan waje, kwamiti ya aika rahoto sama ta hanyar tsarin gargaɗin gaggawa, domin sunan yankinku ya shiga lissafin yankunan da ke fuskantar ƙarancin cimaka na watan Nuwamba, da ake kira Cadre Harmonisé, wanda a kansa ake tsara sayar da cimaka da rahusa ta OPVN, ofishin cimaka na ƙasa.

Abu biyu zan ja kunne a kansu. Na farko, ku fifita aikin da ko hasashe ya kuskure ba a yi asara ba. Yashe magudana, tanadin iri kala biyu, gyaran sito, duk ba sa ɓaci. Aikin da in an kuskure zai yi ciwo, kamar cewa mutane su sayar da shanu, kada a ɗora shi a kan hasashen Afrilu, sai an ga abin da ido ya auna a Satumba. Na biyu, gaɓar kuɗi. In layin bai shiga kasafin shekara na ƙaramar hukuma ba, to fata ne kawai aka rubuta. Na taɓa zama a wani taro inda aka tsara sharuɗɗa har goma sha biyu, kowa ya yi tafi, da lokaci ya yi ko man babur ɗin zagayen ma'aunai ba a samu ba. Uku masu kuɗi sun fi goma sha biyu marasa shi.

Mataki na biyar: ma'auni a ƙauye, labari duk kwana goma

Sharaɗi na buƙatar mai gani. Ku dasa ma'aunin ruwa a ƙauyuka goma ko fiye, a warwatse, wasu a jigawa wasu a dabagi wasu a kwari. A kafa shi a fili, nesa da itace da katanga, a kan turke mai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, bakinsa a daidaice. A karanta kowace safiya a lokaci guda, a rubuta, a zubar. Ranar da ba a yi ruwa ba a rubuta sifiri, kada a bar gurbi, don gurbi ba ya bambanta "ba ruwa" da "na je biki". Mutum biyu a kowane ƙauye, kuma in da hali ɗaya mace, domin mazan Adar da yawa ƴan ci-rani ne, wasu ba sa dawowa sai shuka ta tsaya.

Mai ma'auni shi ne zai ce wa maƙwabcinsa, "Baba, na jiya takwas ne kawai, a dakata." Wanda ke shukar binne ya san cacar da yake yi, ba a hana shi, amma ya bar rabin irin a gida.

Lambobin su taru ta WhatsApp wurin malamin gona, shi kuma ya haɗa su da rahoton kwana goma-goma da rukunin ma'aikatu na GTP ke fitarwa ƙarƙashin meteyo duk damana. A mayar da labarin ƙauye ta rediyon gari, da Hausa da Tamajak da Fulatanci. Wanda ke aika lamba sama ba ya jin komai ya dawo, wata biyu zai gaji.

Mataki na shida: lissafin ciyawa

A arewacin jihar wannan ya fi lissafin hatsi muhimmanci. Dokar 1961 ta ja layin iyakar noma, arewa da shi ƙasar kiwo ce, kuma dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatar da layin, ko da yake kowa ya san gonaki sun daɗe da tsallake shi.

Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba malaman kiwo kan yanki ciyawa a wurare zaɓaɓɓu, su shanya su auna, su haɗa da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna koren ƙasa. Ku nemi sakamakon yankinku ku yi lissafin da kanku. Ana auna bisashe da dabba mai kilo 250, ita ce ake kira UBT. Tana cin kilo 6.25 na busasshiyar ciyawa a rana. Rani wata tara ne, kwana 270, wato kusan kilo 1,700. Raƙumi UBT guda ne, saniya ta ɗan gaza guda, tumaki ko awaki bakwai zuwa goma su ne guda. Kuma ba duk ciyawar da ta tsiro ake ci ba. Tattakewa, gara, iska da rana na cinye mafi yawa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke shiga ciki.

A ce kuna da UBT 20,000. Buƙatarku tan 34,000. Makiyaya hekta 40,000 ta ba da kilo 1,200 kowace hekta, tan 48,000 ke nan, abin ci a ciki 16,000. Kara da harawa sun ƙara 8,000. Giɓi tan 10,000, abincin UBT kusan 6,000. Wannan lamba a Oktoba kuke son ta, lokacin da bisashe ke da ƙiba, kasuwa na da daraja, dusa ba ta hau ba. Wanda ya sayar da tsofaffin shanu da bajimai a Nuwamba ya sayi dusa da hatsi, ya tsira da matan garke. Wanda ya jira Mayu zai sayar da saniya a kuɗin akuya, in ma ta iya tashi.

Ba kwamiti ne zai tilasta wa makiyayi sayarwa ba, kuma baƙin garkuna za su shigo waɗanda ba ku ƙidaya ba. Abin da ke hannunku shi ne faɗin lambar da wuri, share hanyoyin kashe gobarar daji kafin iskar ɗari ta taso, da kai bayanin ga kwamitin filaye na COFO. Ranar sakin gonaki ma a nan take. Hukumomin jiha ne ke tsaida ta bayan shawara, to ku je zaman da hujja: in damana ta makara kuma dawa na gona har Disamba, a faɗa, in tafkunan arewa sun ƙafe da wuri kuma garkuna za su gangaro kafin lokaci, a buɗe burtali da mashaya tun kafin su iso. Rigimar da ke kai ga jini galibi a makonni ukun nan na rashin daidaito take faruwa.

Mataki na bakwai: ruwan da ya rage bayan damana

Ku kafa sanda mai awo a kowane babban tafki, irin na Tabalak ko Dan Doutchi ko ƙaramin na garinku, a karanta duk mako. A zaɓi rijiyoyi biyar a fadama, a auna zurfin ruwansu da igiya farkon kowane wata, da sassafe kafin a tada injuna. A watannin zafi rana kaɗai na shanye kusan santimita ɗaya a yini daga tafki, tun kafin dabba ta sa baki. Bayan shekara uku za ku iya duban sandar a Oktoba ku faɗi watan da tafkin zai ƙafe, sannan a raba tsakanin masu lambu, masunta da masu shayarwa tun ruwa na nan.

Masu albasar Galmi da kwarin Maggia da Tarka su fi kowa kula. Fanfo mai aiki da hasken rana ba ya cin mai, don haka ba abin da ke tsaida hannun mai shi. In zurfin Maris na ƙaruwa shekara uku a jere alhali damana ba ta gaza ba, ba sama ce ta hana ba, ɗiba ce ta fi zubi.

Mataki na takwas: abin da za a gina ya daɗe

A nan ake duba hasashen shekaru masu yawa. Masana sun haɗu a kan abu biyu: zafi zai ci gaba da ƙaruwa, kuma ruwa zai riƙa zuwa da ƙarfi a lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya nuna manyan haduran Sahel masu tsanani sun ninka sau uku tun 1982. Mun gani da ido a 2020, da kogin Kwara ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai alhali jan layin gargaɗi 620 ne, mun sake gani a ambaliyar 2024. A kan jimillar ruwa kuwa, yawancin ƙididdiga na karkata ga ƙaruwa a tsakiyar Sahel, amma sun saɓa a kan yawanta. Don haka ku tsara wa ƙasar da za ta sha ambaliya da tsaiko a damana guda.

Milimita ɗaya a hekta guda lita 10,000 ce, tano hamsin. Ruwan milimita 50 a kan fako mai hekta 100, in rabinsa ya gudu, lita miliyan 25 ne ke gangarowa ƙorama cikin awa biyu. Shi ke cinye gonaki, ya cike madatsa da yashi, ya yanke hanya. Maganinsa a sama yake, ba a ƙasa ba, kuma jihar nan ba baƙuwa ba ce a wannan aiki. Furojen Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya ya farfaɗo da dubban hektoci, manoman Illela da Badaguichiri kuma sun mayar da tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, sana'a tun ƙarshen shekarun 1980, har fakon da ba mai so ya koma abin saye. Tassa, ramuka masu siffar rabin wata, jerin duwatsu da sassaben zamani suna aiki ko shekara ta yi yalwa ko ƙaranci. Ku fara daga kan tudu ku gangaro. Wanda ya gina madatsa kafin ya gyara dabagin da ke samanta, rumbun yashi ya gina.

Duk gada, madatsa ko lakwal da za a gina, ku tambayi injiniya da ruwan waɗanne shekaru ya yi lissafi. In lambobinsa sun tsaya a shekarun fari na 1970 da 1980, ya sake. Kuma ku hana rabon fuloti a tsohuwar hanyar ruwa. Da yawan unguwannin da ke nutsewa yau an yanka su ne lokacin da aka ɗauka ƙoramar ta mutu.

Bayan kaka

Cikin Disamba ku sake zama, rabin yini ya isa. A ɗauko takardar da aka sa wa hannu. Me hasashe ya ce, me ma'aunai suka nuna? Wane sharaɗi ya cika, an yi aikin, kwana nawa aka ɗauka? Wanda ya cika ba a yi komai ba, a faɗi dalili a fili: kuɗi ne, ko mai aikin an yi masa canjin wuri, ko labarin bai iso ba. Ranar da ta zama da wuri ko a makare a gyara ta. A ƙara lambobin bana a jerin bango. A yi rajistar kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gidan sarki, don ma'aikaci kan tashi da kwamfutarsa. Sannan a tsaida ranar zaman Fabrairu kafin a watse.